Kwanon Tuwon Tela

Jiya 'yata tana kallo a waya, sai na jiyo kiɗan nan mai nauyi da ake sakawa idan mugu zai bayyana. Nan take na koma gidanmu na Jekadafari, zamanin kaset.

Da la'asar, in an kawo wuta, matan gida sukan cika ɗakin Inna, ga ƙamshin turaren wuta, ga zufa. Fim ɗin da muka fi maimaitawa na wata marainiya ne da wani mutum yake yaudara da kayan kwalam. Ka san mugu a fim ba ya ɓuya: ido jawur, murya kamar tsohon janareta. Inna har tsine masa take yi. Mu yara muka haddace cewa mugu da ganinsa an san shi.

Maƙwabcinmu kuwa tela ne, kullum fuska kamar gonar auduga, shi ke ɗinka mana kayan salla. Tun da matarsa ta rasu ake kai masa tuwo daga gidanmu. 'Yar gwaggona ce mai kaiwa, ba ta fi shekara sha huɗu ba.

Wata rana da damina ta ce ba za ta je ba. A gidanmu yaro ba ya ƙin aike.

"Inna, rufe ƙofar shago yake yi in na shiga," ta ce, kanta a ƙasa.

Inna ta ce, "Kallo ya ɓata ki. Wannan bawan Allah ne ya yi miki kama da mugu?"

Dariya na yi. Har yau ina jin kunyar dariyar nan.

Kakarmu ba ta taɓa zama kallo ba, tana bakin murhu tana gyaran kuɓewa. Ta ce, "Ajiye kwanon, jikalle." Ta ɗauki sandarta ta bi taɓo ta kai da kanta. Haka ta riƙa yi kullum da ciwon gwiwarta, har telan ya tashi ya koma unguwar Bolari. Ba mu taɓa jin abin da ta faɗa masa ba.

Mugaye a finafinan yanzu suna murmushi, suna sa shadda, amma har yau ana kaɗa musu kiɗa. Da 'yata ta ajiye wayar na ce mata duk gidan da ba ta son a aike ta, ta faɗa mini, ba sai ta kawo dalili ba.