Ranar da Na Ƙaryata Rukayya

Ranar Lahadin da ta biyo ƙaramar Sallah, ina shekara goma sha ɗaya, mai gidan da muke haya a unguwar Maamobi ya fito da talabijin ɗinsa tsakar gida bayan la'asar, ya ɗora a kan benci kamar yadda ya saba. Mata suka bar tsintar waken da za su dafa waakye, wato shinkafa da wake, mu kuma muka watsar da wasan ampe na tsalle da tafi muka zube a tabarma. Wasan barkwanci ne na Turawa, na wani yaro mai ƙwaƙwalwa da ya gagari iyayensa, da ya buɗe baki sai wasu mutane da ba a gani su kwashe da dariya.

Mma, mahaifiyarmu, ba ta jin Turanci, don haka ƙanwata Rukayya ce mai fassara. Shekararta takwas, amma littattafan ajinmu take karantawa, ni ina wanke tukwanen koko ina jin haushi. Komai Rukayya, ko baƙo aka yi ita ake kira ta yi karatu. Wannan kan nata ne ya sa Gwaggo, yayar Baaba da ke koyarwa a Kumasi, ta ce a ba ta riƙonta. A gidanmu ba a ce wa Gwaggo a'a, yaro kuwa ba a ma tambayarsa. Saura kwana shida a zo ɗaukarta.

A shirin ranar, wata babbar makaranta mai nisa ce ta nemi yaron. Ɗan Turancina ya isa in gane murna yake, har yana raba wa yayyensa kayan ɗakinsa. Mma ta taɓa Rukayya ta ce, "Me yana faɗi?" Rukayya ba ta ɗauke ido daga talabijin ba, ta ce, "Ya ce, Mma, kar ki bari su tafi da ni. Ya ce zai daina karatu, zai riƙa wanke tukwane."

Ni kuwa uwar iyayi, ga dama ta samu in nuna ni ma na iya. Na miƙe na ce, "Ƙarya ne koraa, zallar ƙarya! Yaron yana so ya tafi!" Daidai nan mutanen cikin talabijin suka fashe da dariya, tsakar gida ta taya su. Mma ba ta yi dariya ba. Rukayya ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma, ba ta ƙara fassara ko kalma ɗaya ba.

Ranar Asabar Gwaggo ta zo, muka raka su bakin titi, Rukayya ta hau motar haya ta trotro ba ta waiwayo ba. Daga Kumasi karatu ya wuce da ita ƙasar waje, zuwanta gida bai kai yatsun hannu ɗaya ba.

Sai da Mma ta tsufa, ina tsefe mata kai, ta ce, "Hawa, na gane maganarta tun ranar. Da kin yi shiru, da na je wa Baabanku da labarin yaron, ko zai ji tausayi." Ba da faɗa ta faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Yanzu kowa a gidan da wayarsa, ba mai fito da benci, ba mai neman a fassara masa komai. Rukayya takan kira ni da Sallah, mu gaisa cikin ladabi kamar surukai. Tukwanen da ta roƙa a bar ta ta wanke, har yau ni nake wanke su.