Farantan Sola a Lambun Yayana

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya hore mana rana da ruwa. Abin da zan ba da ba wani babban labari ba ne, zancen lambun albasa ne da kafaɗar yayana.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Ni aka tura karatu, na zauna Bodinga ina koyar da yara ina kuma rubuce-rubucena na ajami. Yayana ya tsaya ƙauye, can ƙasar Shagari ta wajen Kajiji, ya riƙe lambun da ke bakin fadama. A tsakiyar lambun akwai rijiya marar zurfi, a bakinta akwai jigo, guga a kai ɗaya, dunƙulen laka a ɗaya kan. Muna yara ni ina ganin jigo kamar yana yi wa mutum aiki kyauta, tunda guga cike da ruwa kan taso kusan da kansa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sa ni na ja igiyar ƙasa sau da yawa har hannuna ya yi zafi, sannan ya ce ƙarfin da na zuba wajen tura guga ƙasa shi lakar ta ajiye, shi kuma take mayar mini in guga zai hau. Jigo ba ya ƙirƙiro ƙarfi. Yana dai sauya wa mutum inda zai ji gajiyar.

Yayana a kafaɗar dama ya ji tasa. Tun yana saurayi yake jan igiyar nan safe da yamma duk rani, har furfura ta cika masa gemu. An yi wasu shekaru yana aiki da injin fetur, amma injin ya tsufa, man kuma ya gagara, sai ya koma jigo. Daga baya kafaɗar ta kai in zai sa riga sai matarsa ta taimaka masa.

Babban ɗansa, wanda yake aiki a kudu, shi ya aiko da famfon sola, ya turo mai haɗawa daga Sakkwato. Ya kuma gaya wa uban magana ɗaya, cikin ladabi amma ba da wasa ba: in har da wannan abin ma lambu ya ci gaba da cin jikinsa, ko albasar bana ta lalace, to a ba wani lambun ya noma, shi ya koma gida ya huta. Yayana ba ya tsoron komai a duniya kamar wannan hutun. Ya sha gaya mini cewa duk tsohon da ya ga an zaunar a gindin bango, bai daɗe ba.

Ban je ranar da aka haɗa famfon ba. Labari dai ya zo mini cewa ruwa ya fito daga tiyo kamar kaurin hannu, mutanen ƙauye suka taru kallo, aka yi addu'a aka watse. Na yi hamdala na ci gaba da sha'anina. Sai bayan an yi dashe, wata Laraba, matar yayana ta aiko mini da saƙo a bakin wani mai kai gero kasuwa, cewa in zo in ga ɗan'uwana, ya koma jan jigo kuma ya hana a gaya wa ɗansa.

Ranar Alhamis ba karatu, sai na shiga bas zuwa Shagari, daga nan na hau kabu-kabu. Hanyar ta jijjiga ni har na ji kowace gaɓa tawa daban. Na isa bayan la'asar, lokacin ban ruwan yamma. Tun daga nesa na ji kukan jigo, wannan ƙarar ta itace bisa itace da na tashi da ita. Na same shi yana ja da hannun hagu, na daman ya lanƙwashe a ƙirji. Fangulan da ke kusa da rijiya suna da ɗan kore. Na can ƙarshen lambu sun kwanta, ganyen ya yi fari-fari kamar zare.

Na yi sallama. Bai saki igiya ba ya amsa.

"Alaramma da kanai. Wa yat tsegunta maka?"

"Yaya, ina famfon da anka kawo?"

"Ga shi can shina barci. Abin 'yan birni ne, ba shi aiki sai da safe. Hantsi in ya ɗaga sai ya fara tari, kafin azahar ya ɗauke. Ni kuwa albasa ba ta san wannan ba."

Na taka zuwa wurin farantan. Suna tsaye kusan a miƙe, an tokare su da itatuwa, an ɗaure da igiyar rama da kyau, irin ɗaurin yayana. A gefe ga firam ɗin ƙarfen da mai haɗawa ya kafa, babu komai a kansa. Rana tana yamma, tana dukan bayan farantan, fuskarsu kuma cikin inuwa. Na tsaya a gabansu, sai na lura na tsaya ne kamar mai ba alƙibla baya. Su ne suke kallonta, daidai kamar an ja musu sahu.

"Yaya, haka mai haɗawa ya bar su?"

"Ina! Yaron ya shimfiɗe su sun karkata kudu. Kudu hwa! Mi ag ga kudu? Ni rumbuna, da garkar gidana, da inda nake yanka, duk gabas suke kallo. Abin da za shi ɗebo muna ruwa in bar shi ya juya wa alƙibla kafaɗa? Da yat tahi na gyara su."

Ban yi dariya ba, don na san inda abin ya fito. Haka muka taso. In za a kafa abu mai daraja, ana fuskantar da shi gabas don neman albarka, kuma ni kaina a kan buzuna ba na zama in rubuta komai sai ina kallon can. Ga shi kuma ban tabbata ba ko wannan ne ya hana ruwa. Sanina a kan lantarki bai wuce kunna fitila ba.

Ina da 'ya da take koyar da kimiyya a makarantar firamare a Bodinga. Na hau tudun bakin lambu inda waya ke samun sabis, na kira ta, na kwatanta mata abin da na gani. Ta ce in haɗa ta da baffanta, sai na yafito shi ya hauro tudun. Na ƙara sauti na riƙe a tsakaninmu.

Ta gaishe shi, ta tambayi jiki, ya ce jiki lafiya lau, ta yi kamar ta yarda. Sannan ta ce, "Baffa, farantan nan haske suke ci. Ba zafi ba, haske. Wanda ya sauka a fuskarsu shi suke mayarwa wuta, wutar ta juya famfo. In rana ta dube su sosai su ba da ƙarfi sosai, in ta gefe ta shafe su su ba da kaɗan, in ta koma bayansu babu abin da za su bayar."

"To ba ga haske nan ko'ina ba? Ni ina ganinki, ina nufin ina ganin ubanki sarai."

"Wannan ya ishi ido, Baffa, bai ishi ɗaga ruwa ba."

"Wato ke ma kudu kike so."

"Ba ni nake so ba. A wannan lokaci na shekara rana ta can take ratsawa. In an kwantar da su suna kallon sama, da ɗan karkata kaɗan, za su same ta tun hantsi har la'asar."

Ni kuwa na tuna alluna. In an wanke allo aka jingina shi ya bushe, wanda ya fuskanci rana kan riga wanda ya ba ta gefe, mukan kuma juya su in ta juya. Na faɗa masa haka. Ya ce allo daban, wannan daban, kuma bai kira ni in zo in yi masa darasu a lambunsa ba. Ya koma ya kama igiya. Na karɓa na ja masa, ban yi nisa ba numfashina ya ƙare, don hannun da ya saba da alƙalami ba na jigo ba ne. Haka muka yi ta karɓa-karɓa, tsofaffi biyu, har magariba ta matso, ruwan kuma bai kai fangulan ƙarshe ba.

A bakin rijiya muka yi salla. Da muka sallame ya ɗaga hannu zai yi addu'a, na daman ya ƙi tashi, sai ya tallafo shi da na hagu ya ɗora tafin a gwiwa. Ya daɗe a haka, tafukan a buɗe. Bayan ya shafa bai tashi ba.

"Ta ce sama za su kallo?"

"Haka ta ce."

"Ba kudu tsantsa ba."

"Sama dai, da ɗan karkata."

Ya dubi hannuwansa. "To. Mai roƙo ma sama yake buɗe hannu. In haka ne ban ƙi ba."

Ban ƙara ko kalma ba, don na san shi, in aka yaba masa shawara yakan janye ta.

Washegari da safe muka kwance igiyoyin. Farantan ba su da nauyi sosai, amma ni da shi sai da muka huta a tsakani kafin mu mayar da su kan ƙarfen. Ya hana ni ɗaure ƙusoshin, ya ce ɗaurin malamai ba ya riƙe ko akuya. Da hantsi ruwa ya fito. Muka bar shi yana bin magudanar lambu muka tafi masallacin Juma'a, muka dawo muka tarar bai ɗauke ba, har ya fi na safe ƙarfi. Yayana ya tsuguna ya sa hannu a bakin tiyon, sannan ya ce mahaifinmu bai taɓa ba albasa ruwa da rana tsaka ba. Na ce mahaifinmu da kafaɗarsa yake ɗebowa, shi ya sa yake jiran sanyi. Ya ce in rufe masa baki. Amma ya ɗauki fartanya ya buɗe wa ruwan hanya zuwa ƙarshen lambu.

Fangulan can ba su tashi ba. Sun riga sun mutu kafin na zo, ruwan ya bi ta kansu ne kawai. Na tsakiya sun farfaɗo a hankali. Da aka cire albasa, abin da aka samu bai cika rudun da ake ajiye albasa ba, amma ya isa a nuna wa ɗansa a ce lambu ya yi. Ba wanda ya gaya masa zancen alƙibla, ni ma ban gaya masa ba, bai kuma sake tayar da maganar ba wa wani lambun ba.

Kafaɗar ce ba ta dawo ba. Makonnin nan da ya yi yana jan jigo a ɓoye su suka ƙarasa ta. An kai shi asibiti a Sakkwato, aka ba shi magani, aka ce kada ya sake ɗaga abu mai nauyi. Yanzu in na je nakan same shi zaune a inuwar darbejiya, ruwa yana tafiya da kansa, shi kuma yana tashi jefi-jefi ya toshe nan ya buɗe can da hannu ɗaya. Jigon yana nan bai yarda a cire ba. Gugan ya bushe ya tsage, lakar ta fara zubewa. Ran da na ce a sare itacen a yi girki da shi, sai ya ce in hadari ya rufe rana fa, da me za a ɗebo ruwa. Na dubi hannunsa, shi ma ya duba, muka bar zancen.

Da la'asar ta yi ruwan ya fara raguwa kamar kullum. Ya tashi ya naɗe tiyo, na riƙe masa ɗaya bakin, muka kama hanyar gida kafin mai kabu-kabu ya gaji da jirana.