Muryar da 'Yarta Ta Ɗauka

Tun kafin ta gama digirin digirgir ake kiranta Dakta. Bincikenta shi ne koya wa na'ura jin magana, kuma komai ta yanka masa lokaci: safiya gwaji, yamma rubutu. 'Yarta ce kawai ba ta samu gurbi ba, sai dai ta zauna ƙarƙashin tebur tana sauraro.

Wata Asabar Dakta ta rufe kwamfuta ta durƙusa. "Zo, Uwata, me kike so?"

Yarinyar ta amsa da muryar na'urar sak: "Ban gane ba. A sake gwadawa anjima."

Mijinta ya tuntsire da dariya. "Dakta, ɗalibarki ta riga ki gamawa!"

Ita kuwa sai ta zauna daɓas, ta jawo yarinyar kan cinyarta.