Hajiya Mas'uda da Gyalen Baima

Duk wanda ke sari a benen kasuwar Baima na Guangzhou ya san Hajiya Mas'uda, in bai ga fuskarta ba ya ji muryarta. 'Yar Fagge ce. Mijinta ya rasu ya bar mata shago a Kwari da bakuna biyar, ita kuwa ba irin matan da ke zaman jiran dangi ba ce. Abaya da gyale take kaiwa Kano. Sinancinta bai wuce "loban" da "meyo" ba, wato maigida da babu, amma da su kaɗai take sa mai shago zufa.

Hali ɗaya ta taho da shi daga gida: ba ta sayayya ta tafi babu gyara. A Kano ko tumatir ka saya ai sai an ɗora maka. Akwai wani tsoho da ta daɗe tana sari a wurinsa. In an gama ɗaure mata kaya sai ta zari gyale ɗaya daga rataye ta cusa a jaka, shi kuma ya kaɗa mata yatsa yana dariya. Tsoho ya gaji ya koma ƙauye, wata mata mai tabarau ta sayi shagon. Idon Hajiya ya ga sabuwar fuska, hannunta ne bai gani ba.

Ranar da ta zari gyale na uku a shagon matar, mai gadi ya tare ta a matattakala, aka zazzage jakarta a gaban jama'a, har da goro da maganin hawan jini. A ofishin 'yan sanda aka nuna mata kanta a kyamara, zuwa uku daban-daban, hannun nan mai lalle yana aikinsa. Suka riƙe fasfonta, suka ba ta takardar da ba ta iya karantawa.

Ta kulle kanta a masauki, wai zazzaɓi. Shitu ne ke yi mata lodi zuwa tashar jirgin ruwa ta Nansha, kuma yana jin yaren, amma matarsa maƙwabciyar surukan 'yarta ce. In ya ji da hantsi, kafin la'asar Fagge ta ji. Sai ta sunkuyar da kai ta nufi ofishin Ajara, 'yar zangon Kumasi, wadda ta sha yi wa dariya kan Hausarta.

Ajara ba ta rama ba. Ta kai ta wurin wata lauya, ita Ajarar kuma ta zama tafinta. Lauyar ta ce ɗauka ɗaya ƙaramin laifi ne, tara ko 'yan kwanaki a tsare, amma uku cikin shekara biyu na iya zama babban laifi: kotu, kurkuku, sannan kora. Hajiya ta ce ita mai cika kwantena, gyale za ta sata? Lauya ta ce a nan ba tsadar abin kaɗai ake dubawa ba, har da yawan ɗauka. Abu biyu ne za su taimaka: shaidar tsohon, da yafiyar mai shago a rubuce.

Aka samu tsoho a waya, yana cikin lambunsa. Ya gane ta, ya yi dariya, ya yi magana mai tsawo. Ajara ta sauke wayar.

"Me ya ce?"

"Hajiya, ya ce gaskiya ne, kullum kina ɗauka, da saninsa. Amma wai kullum yana sa kuɗinsa a cikin na kayan."

Shaidar ta yi mata rana, amma ta fi kyamarar ciwo. Ashe gyaran da take taƙama da shi a Kwari, ita ke saye.

Saura mai tabarau. Hajiya ta tsaya a bakin shagon, 'yan sari na wucewa, ta riƙe gyale uku da hannu biyu. Muryar nan da ke cika bene ta koma kamar ta mai mura.

"Na ɗauka ban tambaya ba. Ki yafe ni."

Ajara ta fassara. Matar ta daɗe tana kallonta kafin ta sa hannu a takardar. Magana ta tsaya a tara, fasfo ya dawo.

Ajara ba ta faɗa wa kowa ba. Hajiya na nan tana sari, sai dai yanzu rungume da jaka take shiga shago, zif a rufe. Duk gaisuwar da Shitu ya yi mata kuwa, sai ta tsura wa bakinsa ido ta ga ko ya ji.