Gishirin Miyar Suruki

Kowa ya sani a Kolkata babu macen da ke koyon dafa kifi a littafi, da iyawarta ake haihuwarta. Shi ya sa rumfar Haradhan mai sayar da littattafai take cike da littattafan girki, ana kuwa saye.

Yau da na leƙa rumfar, wata tsohuwa ce tsaye a gabansa, cikin farin zanen sari marar ado. Babu awarwaro a hannunta, babu jan nan na matan aure a tsagar gashinta. Kurkum ya rina mata yatsu tun tuni. Tana tsallake girkin Kerala da na Punjab, tana buɗe na garinmu, tana bin layi da farce.

"Mashima, ke da ya kamata ki rubuta shi?" in ji Haradhan, yana kiranta inna da harshenmu.

"Rufe min baki, ɗan nan. Jibi mijin 'yata zai zo cin abincin surukai. Ina aka rubuta yawan gishiri?"

Sai na gane: wannan shigar, a al'adarmu, ta matar da ta rasa miji ce. Tunda mijinta ya mutu kifi ya haramta gare ta, ko ɗigon romo ba za ta kai baki ba. Ita kuwa duk rayuwarta da harshe take awo. In miyar ta ɓaci, 'yarta ce za ta sha gori a gidan miji.

Haradhan yana sauko mata da littafi wani bayan wani, har da masu hotuna. Tana dubawa, tana mayarwa a hankali. Marubutan masana ne, sun auna komai, har ruwa. A kan gishiri kuwa duk abu ɗaya suka rubuta: a ɗanɗana a ji.