Asibitin da Yaya Sule ya hana, ya kuma dawo ya nema

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Sule. Masu yabonsa kan ce mutum ne mai magana ɗaya. Gaskiya ne, amma ni da muka fito ciki ɗaya na san inda wannan halin ya cuce shi.

Da sojoji suka koma bariki, Yaya ya ci kansila, ya zama jagoran masu rinjaye a majalisar ƙaramar hukumarmu. Jagorar 'yan adawa kuwa Madam Rifkatu ce, tsohuwar nas daga kudancin jihar nan. Su biyun suka haɗu suka rubuta ƙudurin gina asibitin haihuwa. Wurin da za a gina shi ne ya raba su. Yaya ya ce mazaɓarsa Tudun Wada, ita ta ce Mahuta, don matan ƙauyuka irin su Kakau su samu sauƙi.

Har gida ta biyo shi, ina zaune ina tsinkar zogale.

"Alhaji, mu raba. Asibiti a Mahuta, motar ɗaukar masu naƙuda a wajenku."

"Madam, na riga na yi wa mutanena alkawari."

Haka ƙudurin ya mutu, wa'adinsu ya ƙare ba a aza bulo ko ɗaya ba. Ana nan sai matar wani manomin Kakau da Yaya ke sayen masara a wurinsa ta haihu a bayan a-kori-kura, a hanyar asibitin cikin gari. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Yaya ya je ta'aziyya, ya dawo bai taɓa abinci ba. Washegari ya tafi gidan Madam ya ce mata ita ce da gaskiya. Daga nan tare suka riƙa bin sababbin kansiloli ɗaya bayan ɗaya, har aka gina asibitin a Mahuta. Ya gan shi da idonsa kafin ya rasu.

Yanzu in na ji 'yan majalisa suna cacar baki a rediyo, nakan ce da yana nan da ya yi murmushi ya ce shi ma ya yi wannan wautar.

Madam ta tsufa, amma duk Sallah sai ta zo min. Bara muna cin tuwo ta ce, "Hajiya, yayanki taurin kai gare shi. Amma cikin duk waɗanda na yi rigima da su, shi kaɗai ya tako ƙofar gidana."

Allah ya jiƙan Yaya.