Kabtin Bakur ya tafi, saura wasa ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labari ya same ni. Na shiga aji ke nan, ko rubutu ban fara ba, waya ta dame ni a aljihu. Na fita na ɗauka, sai muryar ƙanensa: "Ustaz Lawal, Bakur ya rasu. Bayan sallar asuba ya faɗi a ƙofar masallaci." Ban san abin da na ce masa ba. Na dai san na koma na ɗauki jakata, na bar ɗalibai suna kallona.

Kabtin Bakur fa. Mutumin da shekaranjiya muka rabu yana tsokanata.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai horar da 'yan kokawar kwalejinmu, wata 'yar ƙaramar kwalejin koyon sana'a a unguwar Bagdadiyya, nan Jidda, inda nake koyar da aikin lantarki. Haifaffen Jidda ne, ɗan unguwar Sharafiyya. Kakansa ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce, kuma in ka gyara masa sai ya ce kai ne baƙo.

Makon da na sauka a garin nan ban san gabas ba, ban san yamma ba. Shi ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa, wadda na'urar sanyinta ta daɗe da ritaya, ya kai ni gwajin asibiti na iƙama, wato takardar izinin zama, ya tsaya har aka gama. Daga nan ya zarce da ni wurin mai ful da tamis, dafaffen wake da gurasarsu, ya tura mini kwano ya ce, "Ci, ya Ustaz. Halas, ka zama namu."

Ba aikinsa ba ne. Babu wanda ya sa shi.

A wurin cin nan bakina ya jawo mini. Na yi masa alfahari cewa ina saurayi ina kokawa a ƙauyenmu bayan girbi. Washegari sai na ji wai ni ne malami mai kula da 'yan kokawa. Ko shawarata bai nema ba.

Burinsa ɗaya ne, kowa ya san shi da shi: kwalejinmu ta zama cikakkiyar mamba a ƙungiyar kokawa ta kwalejoji. Shigar kuwa ba a banza take ba. Sai makaranta tana da koci mai katin ƙungiya. Sai kowane ɗan kokawa ya kasance cikakken ɗalibin wannan makarantar, mai karatun safe, ba mai zuwa da yamma bayan tashi daga aiki ba. Sannan sai an yi shekara guda ta gwaji, kuna wasa amma ba kofi, ba lambar yabo. In kuka janye sau biyu a cikin shekarar, an soke ta, ku koma bayan layi.

Ni dai dokokin nan haushi suke ba ni, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. Akwai wani ƙato a ajin yamma, direba ne a unguwar Abhur, in ya riƙe ka sai ka tuna da iyayenka. Na ce, Kabtin, wannan ai ɗalibinmu ne, mu sa shi. Ya ce a'a. Na ce wa zai sani? Ya kalle ni ya ce, "Ni zan sani. Wallahi ba za mu shiga ta taga ba. Ta ƙofa za mu shiga, ko mu tsaya a waje."

Mun yi kwana biyu muna gaisuwar nesa. Shi ya fara kawo mini shayi.

Sai daga baya na gane abin da ke cinsa. Shi ma ɗan kokawa ne tun yana matashi, kuma waɗanda suka san shi a lokacin sun ce babu mai kai shi ƙasa a unguwarsu. Amma bai taɓa shiga gasa ko ɗaya ba, takardunsa na wancan lokacin ba su ba shi dama ba. Yakan yi tirenin da abokansa duk sati, ranar gasa kuma ya riƙe musu tawul. Sau ɗaya ya taɓa ba ni labarin, yana tuƙi, bai ko juyo ba.

Wasanmu na farko a shekarar gwajin nan, har gobe in na tuna sai in rasa ko dariya zan yi ko kuka. Sanusi ne a fili, ɗalibinmu da ya zo daga gida, gwanin kokawar gargajiya, wanda muka fi sa rai da shi. Yana ta juya abokin karawarsa yadda yake so, sai santsi ya kwashe shi, gwiwarsa ta taɓa katifa. Kun san a kokawarmu ta gida gwiwa ta taɓa ƙasa, an yi kaye, magana ta ƙare. Kawai sai Sanusi ya miƙe, ya miƙa wa ɗan'uwansa hannu cikin ladabi, ya fice daga da'ira ya kama hanyar benci. Kabtin yana ihu, "Irja! Koma! Ya walad, koma!" Ina, mutumina ya riga ya zauna yana kwance igiyar takalmi. Alƙalin wasa ya rubuta mana janyewa.

Ta farko ke nan. Saura ɗaya a kore mu.

Na ɗauka Kabtin zai cinye shi ɗanye. A mota Sanusi ya sunkuyar da kai yana hawaye, shi kuwa sai ya ce, "Ma'alesh, ba komai. Tarbiyya ce ta fitar da kai, ba tsoro ba. An koya maka in ka faɗi ka yarda ka faɗi, wannan abu ne mai kyau. Bas, sai dai a nan in ka kai ƙasa, yanzu aka fara."

Tun daga ranar ya canza tirenin. Mutum mai furfura, sai ya durƙusa a tsakiyar katifa, gwiwa da hannu a ƙasa, ya ce su zo ɗaya bayan ɗaya su juya shi. Da farko kunya ta hana su, wa zai kama sa'an babansa a durƙushe? Sai ya daka musu tsawa, "Yalla, ni ba surukinku ba ne!" Haka ya yi ta yi wata da watanni, har suka saba da kokawar ƙasa. Ba mu sake janyewa ba. An kayar da mu, mun kayar, amma kowane wasa sai da muka ga ƙarshensa.

In an tashi, shi yake bi da su gida ɗaya bayan ɗaya, tagogi a buɗe, suna zufa suna musu. Da azumi kuwa da sobiyarsa, abin shan nan mai sanyi na buɗe-baki, yake zuwa a kula, ya ce ta masu ƙarfi ce, ni in sha ruwa.

Shekaranjiya, bayan tirenin, shi ne ganina da shi na ƙarshe. Ya daɗe yana matsa mini in yi kwas ɗin mataimakin koci, na yi ta zillewa, har dai na gaji na yi don a zauna lafiya. Ranar ya zo mini da katin, ya rataya mini a wuya a gaban yara, suka yi ta tafi kamar na ci kofi. Ya ce, "Na gaji da ihu ni kaɗai. Ranar Asabar za ka taya ni, ko da Larabcin nan naka mai tsami." Na ga yana shafa ƙirji. Na ce lafiya? Ya ce gahawa ce ta yi masa yawa. Muka yi dariya, ya shiga mota ya tafi.

Ranar Asabar ɗin nan, jibi, shi ne wasan ƙarshe na shekarar gwaji. In muka je muka gama, kwalejinmu ta shiga. Abin da ya kwashe shekaru yana bi ke nan, saura kwana biyu.

Ɗazu bayan azahar muka kai shi makwancinsa. 'Yan kokawarsa ne suka ɗauki makara, ba su bar wa kowa ba. Da muka fito daga maƙabarta Sanusi ya tare ni, idanunsa jajur, ya ce, "Malam, wallahi ba zan iya hawa katifar nan ba. Dukkanmu mun yi magana, ba za mu je ba." Ban ga laifinsu ba. Ni ma abin da ke raina ke nan. A garin nan kwana uku ake zaman makoki, kuma rana ta uku ita ce Asabar ɗin.

Na kira sakataren ƙungiya. Ya yi mini ta'aziyya, har muryarsa ta karye, don ya san Kabtin. Amma ya ce ba a ɗaga wasa, sauran makarantu sun riga sun shirya, kuma in ba mu zo ba janyewa ce ta biyu. Ya ce tunda ina da kati, doka ta yarda in zauna a kusurwa a matsayin koci. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kashe waya ban yi masa sallama ba.

Ina tsaye a ƙofar gidansu a Sharafiyya ana jera kujeru, sai ƙanensa ya ce mahaifiyarsu tana kirana. Tsohuwa ce ƙwarai, da ƙyar take tafiya. Na durƙusa a bakin ƙofa, tana daga bayan labule. Na ce, "Inna, ya haƙuri?"

Ta ce, "Haƙuri sai ma'abocinsa, ya waladi. Kai ne Ustaz ɗin da ya ce ka fi kowa gardama?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "An ce mini yaran sun ce ba za su je ba. Tun yana saurayi nake wanke masa kayan kokawa, ban taɓa jin an kira shi fili ba. Kada ku zaunar mini da shi a waje kuma. Kujerun nan ba inda za su je. Ku je ku yi, in kun gama ku zo ku sha gahawa, ku faɗa mini da bakinku."

A nan kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace mini.

Na faɗa wa yara abin da ta ce. Sai Sanusi ya tambaye ni ƙarfe nawa ne awon nauyi.

Za mu je. Ban san yadda zan zauna a kujerarsa ba, ban san ko muryata za ta fita ba. Bayan la'asar za mu yi wasa, da magariba mu wuce Sharafiyya da gumin jikinmu, mu durƙusa a bakin labulen nan.

Allah Ka jiƙan bawanKa Bakur. Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ka buɗe masa ƙofarta ba tare da jira ba. Ka ba mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'yansa haƙurin rashinsa.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a. Ranar Asabar kuma ku tuna da yaran nan, Allah Ya ba su ƙarfin tsayawa har a busa usur na ƙarshe.